Jikin da Ke Ɗauke da Gwaninta: Nasiha ga Matasa Masu Koyon Dambe da Kokawa

Wasannin gwada ƙarfi tsakanin mutum biyu, waɗanda suka haɗa da dambe da kokawa na gargajiya da kuma baƙin wasanni irin su damben zamani da judo da karate da taekwondo, suna tsaye ne a kan abu biyu da ake yawan cuɗanya su, alhali kowanne da tasa hanyar koyo. Na farko shi ne gwaninta, wato sanin yadda ake tsayuwa da kai naushi da kaucewa da cin ƙafar abokin karawa, kuma wannan a hannun malami ake samun sa ta hanyar maimaici. Na biyu shi ne horon jiki, wato shirya zuciya da huhu da tsoka da jijiyoyi domin su iya aiwatar da abin da aka koya a daidai lokacin da gajiya ta sauka, numfashi ya fara sarƙewa, ƙafafu suka yi nauyi. Da yawa daga cikin matasan yau sun fi karkata ga na farkon, saboda shi ne ake gani a bidiyon waya kuma shi ake yi wa tafi, wasu kuwa sukan rungumi na biyun har su manta dalilin da ya kai su, su wayi gari da cikakken ƙirji da damtse amma hannu ya yi nauyi, ƙafa ba ta tashi. Matsayin abubuwan biyu kamar na mahayi ne da dokinsa: gwanin sukuwa a kan ramammen doki ba ya kai wa ko'ina, ƙosasshen doki kuwa da ba shi da mai riƙe linzami ɓarna zai yi.

Dalilin da ya sa wannan magana ta zama wajibi a yau, alhali magabata ba su yi ta tattauna ta ba, yana cikin tarihin wasannin kansu. Dambe a ƙasar Hausa an san shi da mahauta, da samarin karkara da ke fita yawon wasa daga gari zuwa gari bayan an kawar da amfanin gona, kuma ita ma kokawa lokacin kaka ne kasuwarta ke ci. Mutanen zamanin su Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware, waɗanda makaɗa irin su Ɗan Anace suka tabbatar da sunayensu a kunnen jama'a, ba su san wani gidan ɗaga ƙarfe ba, amma kuskure ne a ce ba su yi horon jiki ba. Wanda ya yi wata huɗu yana huɗa da noman firi da maimai, yana jan ruwa da guga daga rijiya mai zurfi, yana ɗaukar damman gero a ka, yana kayar da sa a mayanka, yana tafiyar yini guda a ƙasa zuwa kasuwa, ya riga ya gina ƙafa da kwankwaso da riƙo da juriyar numfashi kafin ya ɗaura zare a hannu. Har ma shekarar tasa tana da tsari: damina ta aiki mai tsawo ce da ke gina jiki, kaka ta wadatar abinci ce da gasa, sa'an nan wasa ya lafa jiki ya sarara. Masana wasanni na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, musamman Matveyev a shekarun 1960, sun rubuta irin wannan tsari na raba shekarar ɗan wasa zuwa zangon shiri da zangon gasa da zangon hutu, kuma duniya ta karɓe shi a matsayin ilimi, amma manomin da ke dambe ya daɗe yana bin sa ba tare da ya ba shi suna ba.

Wannan gado shi ne ya kuɓuce wa saurayin birni. Yaron da ke yini a zaune a shago, ko a kan babur, ko a bencin makaranta, ya gaji sha'awar wasan da kirarinsa da ƙa'idojinsa, amma bai gaji aikin da ke gina jikin masu wasan ba, ga shi kuma dambe ya daina jiran kaka, domin a gidajen wasa na Kano da Dei-Dei ta Abuja da sauran garuruwa kusan shekara ake yi ana fafatawa. Abin da gona ta ba kakanninsa kyauta, shi dole ne ya neme shi da niyya da tsari. Ya isa misali a ce Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kowace rana. Wannan ma'auni ne na mai neman lafiya kawai, ba na mai shiga fili ba, kuma akwai masu ɗaura zare da yawa da ko shi ba su cika ba.

Abin da ya fi cancanta a fara ginawa shi ne numfashi, kuma fahimtar dalilin haka tana buƙatar ɗan bayani a kan yadda tsoka ke samun kuzari. Jiki yana da hanyoyi uku da ke aiki tare, sai dai kowacce da inda ta fi tasiri. Ta farko wani ɗan ajiyayyen sinadari ne a cikin tsokar kanta, wanda ke ba da ƙarfi mafi girma nan take, kamar na kisa a dambe, wato kai abokin karawa ƙasa, ko ɗaga abokin kokawa sama, amma a cikin kimanin daƙiƙa 10 na cikakken yunƙuri yake ƙarewa. Ta biyu ita ce ƙona sukarin da ke cikin tsoka cikin gaggawa ba tare da jiran iskar oksijin ba, kuma ita ke ɗaukar mutum idan rikici ya yi tsawo zuwa minti 1 ko 2, tana tafe da zafin nan da ake ji a cinya da damtse da haki mai tsanani. Ta uku ita ce wadda ke aiki da iskar da huhu ya shaƙa, zuciya ta tura cikin jini. Ƙarfinta bai kai na sauran ba, amma tana iya ɗorewa awanni. Muhimmin abin da matasa ba su cika sani ba shi ne, wannan hanya ta uku ita ce ke sake cika rumbun ta farko, ta yadda kusan rabinsa ke dawowa a cikin rabin minti, cikarsa kuwa sai bayan minti 3 zuwa 5. Ma'ana, ɗan wasan da zuciyarsa da huhunsa suka horu shi ne zai shiga turmi na biyu da na uku da naushi mai nauyi kamar na farko, wanda bai horu ba kuwa hannunsa na kariya zai fara sauka, ƙafarsa ta daina matsawa, hankalinsa ya rabu tsakanin abokin karawa da neman iska, kuma a wannan hali ne galibi ake kashe mutum, ba don bai san kaucewa ba.

Gasa ta zamani ta ƙara fito da wannan fili. A damben Olamfik turmi 3 ake yi na minti 3 kowanne, da hutun minti 1 a tsakani. A taekwondo turmi 3 ne na minti 2. A judo minti 4 ne, kuma ana iya zarcewa idan ba a samu gwani ba. Sa'an nan ba karawa ɗaya ake yi a tafi gida ba. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ci lambar azurfa ta taekwondo a birnin Riyo a 2016 kafin ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017, sau huɗu ya shiga fili a rana guda kafin ya rataya lambar nan ta Riyo. Haka nan gasar takobi ta kokawar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tara 'yan kokawa 80 daga jihohi 8, a yi kwanaki ana gwabzawa, kuma ba ya kai wa ga takobi sai wanda ya tashi kowace safiya da jikin da ya murmure daga wahalar jiya. Irin su Issaka Issaka na Doso, da ya ɗauki takobin sau da dama, jama'a kan tuna kayen da suka yi a ranar ƙarshe, amma abin da ya kai su ranar ƙarshen shi ne jikin da bai gaza ba a kwanakin da suka gabace ta.

Ginin numfashi ba shi da tsada, sai dai yana cin lokaci. Tushensa sassarfa ce ko tafiya mai sauri ko tuƙa keke ko tsallen igiya na minti 30 zuwa 45, sau biyu ko uku a mako, a kan saurin da mutum zai iya magana da na kusa da shi ba tare da maganar ta yanke ba. Samari sukan raina wannan saboda bai yi kama da wahala ba, sai su mayar da kowane gudu tsere, su gaji ba tare da sun gina abin da ake nema ba. Bayan makonni shida zuwa takwas na wannan tushe ne ake ɗora gudu mai tsanani na zango-zango, wato a yi yunƙuri mai ƙarfi na ɗan lokaci, a huta, a sake, har a kwaikwayi tsawon turmi da hutunsa kamar yadda suke a wasan da mutum ke yi, kuma sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Mai son ya san ko aikin na ci sai ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa da asuba kafin ya sauko daga shimfiɗa: na yawancin mutane tsakanin 60 ne da 100 a minti, na wanda ya horu yakan sauko ƙasa da 60, idan kuwa ya wayi gari ya ga ya haura abin da ya saba kwana biyu ko uku a jere, alama ce ta gajiya ko zazzaɓi da ke tafe, kuma ranar ba ta matsa wa jiki ba ce.

Batun ƙarfi shi ne inda aka fi yin kuskure, domin ido ya fi ganin damtse, alhali naushi ba daga damtse yake tasowa ba. Daga ƙafar da ta dafe ƙasa yake farawa, ya bi ta cinya, kwankwaso ya juya, tsokar ciki da ta gadon baya su miƙa shi ga kafaɗa, hannu kuwa shi ne na ƙarshe da ke isar da saƙo. Haka ɗan kokawa ba da hannu yake ɗaga mutum ba, da cinya ne da ƙugu, hannun riƙewa kawai yake yi. Saboda haka ayyukan da suka fi amfani su ne waɗanda ke haɗa gaɓoɓi da yawa a lokaci guda: tsugunnawa da miƙewa da nauyi a kafaɗa, ɗaga kaya daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, kifa ciki a tura jiki sama da hannuwa, rataya a jikin ƙarfe ko reshe a ja jiki sama, da ɗaukar kaya mai nauyi a yi tafiya da shi. Buhun yashi da jarkar ruwa mai lita 25 da tsohuwar tayar mota da igiya mai kauri sun ishi mai farawa shekara guda, kuma rashin kuɗin shiga gidan motsa jiki bai zama uzuri ba. Kwana biyu a mako na irin wannan aiki, da tazarar kwana biyu a tsakani domin tsoka ta gyaru, ya fi kullum-kullum albarka.

Ɗan damben gargajiya yana da wata matsala tasa ta daban da ya kamata a tsaya a kanta. Da yake hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare domin duka, ɗayan kuma a miƙe shi gaba yana kariya yana auna tazara, sa'an nan tsayuwar ma gefe guda take fuskanta kullum, jiki yakan ginu a karkace: kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, ƙugu ya saba juyawa ɓangare guda, gwiwar ƙafa ɗaya ta riƙa ɗaukar nauyin da ya fi na 'yar'uwarta. Shekaru suna tafiya sai ciwon baya da na kafaɗa su bayyana, a ɗora laifin a kan sanyi ko sammu. Maganin wannan shi ne a wajen horo a ba ɓangaren da ba ya duka haƙƙinsa daidai da na mai dukan, a kuma yawaita ayyukan ja domin su daidaita yawan turawar da naushi ke sa kafaɗa. Hannun kariyar nan ma, wanda ba a yi masa kirari, shi ne ke fara gajiya saboda daɗewa a miƙe, kuma ranar da ya sauka fuska ta buɗe. Ɗan kokawa da ɗan judo kuwa su ƙara da horon riƙo da na wuya, amma na wuyan a bi shi sannu, da tura kai a kan tafin hannu ta kowace fuska, ba da tsayuwa a kan ka ba tun ranar farko.

Akwai tsoron da iyaye ke yi cewa ɗaga nauyi na hana yaro tsawo. Binciken likitocin yara bai tabbatar da haka ba matuƙar nauyin daidai ƙarfin yaron ne, kuma akwai babba mai sani da ke tsaye a kansa. Haɗarin yana wajen yaron da ke gasar ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa a bayan gida domin ya burge abokai. 'Yan mata da ke koyon taekwondo da judo da karate a makarantu su ma wannan horo ya shafe su, har ma sun fi buƙatar ƙarfafa cinya da koyon dira daidai, saboda yagewar jijiyar cikin gwiwa ta fi yawa a tsakanin mata 'yan wasa.

Duk wannan yana tafiya ne a kan ƙa'ida guda, wato ƙara nauyin aiki kaɗan-kaɗan. Jiki ba ya ƙaruwa sai an ɗora masa abin da ya ɗan fi wanda ya saba, amma gaɓoɓinsa ba su tafiya da sauri ɗaya: numfashi da tsoka sukan nuna canji a cikin makonni, jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa, saboda ƙarancin jinin da ke ratsa su, sai an yi watanni. A wannan tazara ce saurayi ke jin ya yi ƙarfi, ya ninka aiki, sai gwiwa ko agara ko wuyan hannu su ba shi amsa. Wajibi ne ya koyi rarrabe ciwo biyu. Tsamin jikin da ke zuwa bayan sabon aiki, wanda ke tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 sa'an nan ya wuce, ba abin damuwa ba ne. Amma ciwo mai suka a wuri guda, musamman a gaɓa ko a kan ƙashi, ko wanda ya zo da kumburi, ko wanda ke ƙaruwa idan ana cikin aiki, umarni ne na a tsaya. Al'adar kunya da jarumta, wadda ke hana namiji ya ce wash a gaban tsara, tana da kyau a cikin fili, amma a wajen horo ta nakasa mutane da yawa da targaɗen mako biyu ya zame musu ciwon shekaru. Masu horarwa da ke sa yara tsallen kwaɗo na dogon zango a matsayin hukunci, ko su sa su naushin bango da sunan taurara hannu, su ma su sani cewa guringuntsin gwiwa da ƙananan ƙasusuwan bayan hannu ba su da sauƙin gyara.

Tsarin aikin yini ma yana da tasiri. A fara da ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15, da sassarfa da jujjuya gaɓoɓi da motsi irin na wasan, a bar dogon miƙa jijiya na tsaye cik zuwa ƙarshen horo. Sa'an nan a gabatar da koyon gwaninta tun jiki na da sabo, domin abin da aka maimaita cikin gajiya a karkace yake zama, kuma a karkacen jiki zai haddace shi. Gudu da ɗaga nauyi su biyo baya, ko a ware musu wani lokaci. Wannan jeri yana tuna wa ɗalibi wane ne ke yi wa wani hidima. Idan horon jiki ya kai ga mutum na zuwa gaban malaminsa a gajiye kullum, ba ya iya riƙe tsayuwa, to an wuce gona da iri, kuma abin da za a rage shi ne gudun da ƙarfen, ba darasin ba.

Abin da aka fi tauye wa haƙƙi shi ne hutu, alhali ba a lokacin horo jiki ke ƙaruwa ba, a lokacin barci ne da cin abinci yake gyara abin da horo ya gajiyar. Matashi ɗan ƙasa da shekara 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, baligi kuwa aƙalla 7, kuma wanda ya raba dare a gidan kallon ƙwallo ko a kan waya, ya tashi gudu da asuba, yana rushe da dare abin da ya gina da rana. A ware aƙalla kwana ɗaya a mako da ba a horo. Game da abinci, masana sun ƙiyasta cewa ɗan wasa na buƙatar giram 1.2 zuwa 2 na furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, kuma ba sai da garin gwangwani mai tsada ake samun sa ba: wake da shinkafa, ɗanwake, alala, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai, busasshen kifi, fura da nono, duk suna ɗauke da shi. Tuwo da dankali da doya kuwa su ne makamashin aikin, kuma wanda ya guje su domin neman siririn ciki zai ji a ƙafarsa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma saurayin da abinci bai wadace shi ba gara ya rage horo daidai abin da yake ci, da ya yi ta ramar da kansa.

Yanayin ƙasar nan yana da nasa hukunci. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma mai horo a irin wannan rana yana iya zubar da fiye da lita guda ta gumi a awa. Da zarar ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kimanin kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ƙarfi da natsuwa sukan fara raguwa. Hanya mafi sauƙi ta sanin hali ita ce duban fitsari, idan ya yi duhu a ƙara ruwa. Horo mai nauyi a yi shi da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, sabon shiga kuma a ba shi mako ɗaya zuwa biyu jikinsa ya saba da zafi. Idan ɗan wasa ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko ya faɗi jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin a samu abin hawa zuwa asibiti, domin bugun zafi na kisa cikin ɗan lokaci. A watan azumi hikima ita ce a rage nauyin aiki, a mayar da mai tsananin bayan buɗa-baki, a rarraba shan ruwa tsakanin magariba da sahur. Sa'an nan tun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da rukunin jini na AS, ya dace kowane mai shiga wannan harka ya san nasa, saboda mai AS, ko da yake lafiyayye ne kuma yana iya kowane wasa, yana cikin ƙarin haɗarin faɗuwa idan yunƙuri mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa. Wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji a cikin gudu, ko aka taɓa mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, likita ya kamata ya fara gani kafin mai horarwa.

Wasannin da ake raba su aji-aji bisa nauyi sun zo da wata fitina da damben gargajiya bai san ta ba, ita ce matse ruwan jiki kafin hawa sikeli, ta hanyar ƙin shan ruwa da gudu cikin rigar leda da shan maganin sa fitsari. A ƙarshen 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa na jami'o'in Amurka suka mutu a cikin makonni kaɗan ta wannan hanya, abin da ya tilasta sauya dokokin awo a can, kuma a Disambar 2015 wani ɗan wasa ɗan ƙasar Sin mai suna Yang Jian Bing ya rasu a Manila yana da shekara 21 a kan wannan dalili. Mai buƙatar rage nauyi ya fara tun da sauran makonni, ya riƙa sauke abin da bai wuce rabin kilo ba a mako, yaron da bai gama girma ba kuwa a bar shi ya yi wasa a ajin da jikinsa ya kai shi.

Fitinar da ta fi wannan kusa da gida ita ce ƙwaya. Rahoton 2018 na binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Nijeriya ya nuna cewa a lokacin kimanin mutum miliyan 4.6 ne ke shan magungunan kashe zafi masu sa maye irin su tramadol ba bisa umarnin likita ba, kuma ba a ɓoye yake ba cewa wasu masu aikin ƙarfi da masu shiga fili na cikinsu. Tramadol ba ya ƙara wa tsoka komai. Abin da yake yi shi ne toshe jin zafi, wato ya kashe ƙararrawar da ke gaya wa mutum cewa ƙashi ya tsage ko jijiya ta yage, ga jijjiga irin ta farfaɗiya da yake jawowa idan an sha da yawa, ga kamu da ke da wuyar saki. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, don haka mai burin wakiltar ƙasarsa ya san cewa yana rufe wa kansa ƙofa. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka su ma suna taɓa hanta da zuciya, suna rage haihuwa, kuma suna iya tsayar da tsawon yaron da bai gama girma ba. Haka nan tsagar da ake yi wa hannu a shafa magani, wadda ta daɗe a cikin al'adar dambe, duk abin da mutum ya ɗauka game da amfaninta, reza ɗaya ga mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, kuma wannan bai da alaƙa da imani ko rashinsa.

Gaɓa ɗaya ce a jiki ba ta bin ƙa'idar ƙaruwa ta hanyar wahala, ita ce ƙwaƙwalwa. Tsoka na ƙara ƙarfi idan an gajiyar da ita, ƙashi na ƙara kauri idan an ɗora masa nauyi, amma ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da duka, tara shi take yi. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin tsofaffin 'yan damben da ke tangaɗi kamar masu maye, harshensu ya yi nauyi, hannu na rawa, tunani ya raunana, saboda dukan ka na shekaru. Wannan ya sa maganar da wasu ke yi, cewa a bar yaro ya sha naushi domin kansa ya yi tauri, ba ta da tushe ko kaɗan. Gwajin karawa a wajen horo ya zama na koyon tazara da lokaci ne, da sassaucin hannu, a bar cikakken ƙarfi ga buhu. Wanda aka buga a ka har ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, ko haske ya riƙa damun idonsa, ya samu girgizar ƙwaƙwalwa ko da bai suma ba, kuma bai halatta ya koma fili a wannan rana ba, domin duka na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwar matashi har ya rasa ransa. Idan ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko barci mai nauyi ya kama shi har tashinsa ya yi wuya, asibiti za a nufa a daren, ba a jira safiya ba.

A damben zamani na masu son wasa doka ce a dakatar da wanda aka sumar aƙalla kwana 30, ba gasa ba gwajin karawa, kuma wa'adin na ƙaruwa idan abin ya maimaitu. Gidajen damben gargajiya, inda ɗan wasa ke cin abinci daga abin da ya samu a fili kuma kiɗa da zugar 'yan kallo ke kiran sa ya rama kisan jiya, sun fi kowa buƙatar irin wannan ƙa'ida, kuma kafin ta zama doka a rubuce nauyin yana kan iyayen gida da shugabannin ɓangarori, na Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, su riƙa zaunar da yaronsu wata guda tare da ɗaukar nauyin cinsa a wannan lokaci. Matashin da ke neman inda zai koyi wasa yana da haƙƙin ya bincika yadda ake yi da wanda ya ji rauni a gidan kafin ya miƙa hannunsa a ɗaura masa zare, kuma idan ya tarar ana mayar da mai jiri fili a ranar da aka buge shi, ya nemi wani malamin.